Tasharmu na son a ba ta fasto: ta wace ƙofa ake shiga a dayosis?

Ɗan Tasha ya rubuta:

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Tambayata a kan tsarin ɗarikar Angilikan ce, kuma ina roƙon waɗanda suka san aikin daga ciki su taimaka.

Tasharmu wata ƙaramar majami'a ce a ƙauye cikin ƙasar Zazzau, reshen wata uwar ikilisiya. Mai bishara ke riƙe da ita, fasto kuma yana zuwa daga uwar ikilisiya sau ɗaya a wata domin Jibin Ubangiji. Da damina in rafi ya kawo, sai a yi wata biyu ba a gan shi ba. Yanzu jama'a sun ƙaru, an yi rufin kwano, ana ta cewa lokaci ya yi da za a nemi a mai da wurin farish mai fastonsa na kansa. Matasa sun ce a rubuta wa bishop kai tsaye. Dattawa sun ce ba haka ake yi ba, amma da aka ce to yaya ake yi, sai kowa ya yi shiru. Yawancin masu magana tsarin ECWA suka fi sani, inda majalisu ke hawa mataki-mataki daga LCB ta ikilisiya ɗaya zuwa LCC zuwa DCC har GCC ta ɗarika duka, shi ya sa ake ta kwatanta wannan da wancan ana ruɗewa.

Ta hannun wa takarda za ta bi? Me ake dubawa kafin a yarda? In an yarda, jama'a ne za su zaɓi faston da suke so? Sai kuma wani abu da ke ɗaure mana kai: me ya sa akwai bishop na Wusasa, akwai kuma bishop na Zariya, alhali Wusasa a bakin Zariya take?

Baba Katikis ya amsa:

Ɗana, dattawanku sun yi gaskiya, ko da yake ba su iya faɗin dalili ba. Takardar da ta tsallake fasto da akdikin, wato babban faston da ke kula da yankinku, ta faɗa ofishin bishop, dawowa za ta yi ta hanyar da ta ƙi bi. Abin da bishop zai fara yi shi ne ya kira akdikin ya tambaye shi ko ya san da maganar. In ya ce bai sani ba, to kun ɓata da mutanen nan biyu da rahotonsu ne zai yanke muku hukunci.

Ku fara ajiye ma'aunin ECWA a gefe. A can majalisa ce kai a kowane mataki, ana zaɓen shugaba ya yi wa'adinsa ya sauka. A Angilikan kuwa dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop ɗaya, shi ne gida, majami'u ɗakuna ne a cikinsa, bishop ne mai gida. Duk faston da ka gani a kan bagade da lasisin bishop yake aiki, kuma ya yi rantsuwar yi masa biyayya cikin duk abin da ke bisa doka. Ba fasto kaɗai ba, har katikis da mai karatu na sa kai, wanda ke rataya shuɗin gyale, da izinin bishop suke hawa wurin wa'azi. In ka riƙe wannan, sauran duk zai zo maka da sauƙi.

Tsanin kuwa haka yake daga ƙasa. Tasha, irin taku, tana ƙarƙashin farish. Farish yana da fasto da majalisar ikilisiya da ake kira PCC. Farish-farish da yawa su ne ke haɗuwa su zama yankin akdikin, a wasu wurare kuma akwai gunduma a tsakani. Yankunan akdikin su ne dayosis. Kada laƙabi ya ruɗe ku. Matakan keɓewa uku ne kacal: dikon, firist, bishop. Akdikin firist ne da bishop ya ba kulawar yanki, idon bishop ne da kunnensa, shi ake wa laƙabin Benarabul. Kanon kuma girmamawa ce, ana ba shi kujera a babbar majami'ar dayosis, amma kanon ba ya mulkin kowa don kawai shi kanon ne. Saboda haka in akwai wani kanon ɗan garinku da kuke tunanin zai shigar muku da maganar ta bayan gida, abin da zai iya shi ne shawara, ba sa hannu ba.

Yanzu ga yadda takarda ke tafiya. Kwamitin tasha ya zauna, a tattauna, a rubuta abin da aka yanke cikin littafin zama, da kwanan wata da sunayen waɗanda suka halarta. Daga nan a rubuta wasiƙa zuwa PCC na uwar ikilisiya ta hannun fasto. PCC su sa maganar cikin ajanda, in sun amince su ma su rubuta a littafinsu, fasto ya tura wa akdikin tare da nasa bayanin. Akdikin zai kai ta gaban majalisar yankinsa, sa'an nan ya zo da ƙafarsa, ko ya turo kwamiti, a duba wurin. Rahotonsa ne ke zuwa gaban bishop da hukumar dayosis. In an yarda, sau da yawa a jawabin bishop na taron sinod, wato babban taron dayosis na shekara-shekara, ake jin sanarwa, daga baya a sa ranar sujadar ƙaddamarwa. Ba aikin wata ɗaya ba ne. Wanda ya fara bayan an gama sinod na bana, ya sa rai da na baɗi.

Abin da mai dubawa ke nema ba yawan kawuna ran Lahadi ba ne. Zai tambayi adadin waɗanda aka yi wa baftisma, da waɗanda bishop ya ɗora wa hannu ya tabbatar, masu cin Jibi. Yara da baƙi suna cika benci amma ba su ne ke ɗaukar nauyin farish ba. Zai buɗe littafin sujada, wanda ake rubuta mai wa'azi da yawan jama'a da baikon kowace Lahadi. A nan ne dabarar aro mutane daga ƙauyukan maƙwabta ranar dubawa take tonuwa: ɗaki ya cika maƙil, amma littafi na nuna rabin haka tun bara. Zai duba rajistar baftisma da ta jana'iza, ya duba takardar fili, ya duba kuɗin shiga na shekarun baya, ya kuma ce a nuna masa inda fasto zai kwana.

Gidan faston nan shi ne ke kayar da tashoshi da yawa. Jama'a sukan zuba duk ƙarfinsu a ginin majami'a, a yi fenti, a sayi ganguna da lasifika, sai a tuna da masaukin fasto bayan an riga an rubuta takarda. Bishop ba zai tura mutum da matarsa da 'ya'yansa zuwa ɗakin aro a gidan wani dattijo ba, in ma ya tura, faston ya zama ɗan gidan wannan dattijo, ba ya iya tsawata masa. Ɗaki biyu ko uku da falo, makewayi, madafa, da ruwa kusa, a kan filin coci. Ba sai ya yi kyau ba, amma ya zama na ikilisiya.

Kowane dayosis yana da nasa kundin tsarin mulki, kuma a ciki ko cikin ƙa'idodin hukumar dayosis ake samun ainihin sharuɗɗan. Ku roƙi fasto ya karɓo muku kwafi daga ofishin dayosis kafin ku rubuta ko layi ɗaya.

Zaɓen fasto kuwa, babu shi. Bishop ne ke turawa, shi ne ke ɗaukewa. Kuna iya faɗa wa akdikin cewa kuna bukatar mai jin Hausa sosai, wanda zai iya zaman ƙauye, wannan bayani ne mai amfani kuma ana sauraronsa. Amma ambaton suna, a ce wane muke so, yakan jawo wa shi wanen matsala, don za a ɗauka shi ya zuga ku.

Ɗan Kufena ya amsa:

Baba ya gama da maganar takarda. Bari in ɗauki ta Wusasa da Zariya, don ba kai kaɗai take ɗaure wa kai ba, ɗan'uwa.

Iyakar dayosis ba ta bin iyakar jiha ko ta masarauta. Tarihin aikin bishara ne ya zana ta. Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilikan daga Ingila, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya aka fitar da mishan ɗin zuwa Wusasa, gindin dutsen Kufena, wajen 1929. A nan aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, aka kafa asibiti da makaranta. Nan ne cibiyar Kiristoci Hausawa na wannan ɗarika, nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin bishara ne. A gefe guda kuma jirgin ƙasa da aikin gwamnati da kasuwanci sun kawo Yarabawa da Ibo da sauransu Sabon Gari, suka kafa nasu majami'u da harsunansu, irin su St George. Tun asali ke nan jama'a iri biyu ne a wuri ɗaya, ɗarika ɗaya amma bukata daban.

A 1954 duk Arewa dayosis ɗaya ce, John Mort ne bishop na farko, mazauninsa Kaduna. Ka auna tafiyar mutum ɗaya daga Sakkwato zuwa Maiduguri don ɗora wa masu tabbatarwa hannu. A 1980 aka fitar da Kano da Jos, abin da ya rage aka kira shi Kaduna. Abuja ta samu nata a 1989. Sai 1990, zamanin Akbishop Joseph Adetiloye, aka buɗe dayosis takwas na mishan a Arewa cikin wata guda: Minna, Kafanchan, Katsina, Sakkwato, Makurɗi, Yola, Maiduguri da Bauchi. Hikimar ita ce a tura bishop gaba ya kafa aiki, maimakon a jira aiki ya girma kafin a ba shi bishop. Wusasa ta fita daga Kaduna a 1997, Ali Buba Lamido ne bishop nata na farko, aikinta kuma ya fi karkata ga ikilisiyoyin Hausa na karkara. Zariya ta zama dayosis a 2007. Ikara da Bari ma irin wannan tunani ne ya haife su, a kai bishop kusa da ƙauyuka. To ka ga dole ku tabbatar da dayosis ɗin da uwar ikilisiyarku take ciki. Ba taswirar ƙaramar hukuma za ta faɗa muku ba, ku duba kan takardar tabbatarwarku ku ga hatimin wane bishop ne.

Sama da dayosis akwai lardi. Ɗarikar a Najeriya ta tsaya da ƙafarta ran 24 ga Fabrairu 1979, yanzu tana da larduna 14 da dayosis sama da 160. Wusasa, Zariya, Ikara, Kano, Bari, Katsina, Dutse, Gusau, Sakkwato, Kebbi da Kaduna su ne lardin Kaduna. Kafanchan da Zonkwa da Kwoi kuwa, duk da suna cikin jihar Kaduna, lardin Abuja suke. Akbishop na lardi ɗaya ne daga cikin bishop-bishop na lardin, yana ci gaba da riƙe nasa dayosis. Yana shugabantar taro, yana sasanta rikici, amma ba ya shiga dayosis ɗin wani ya tura fasto ko ya ɗaga tasha. Haka shi ma shugaban ɗarika na ƙasa, Henry Ndukuba, wanda ya hau a 2020, shi ne kuma bishop na Abuja. Na faɗi wannan ne don in matasanku suka ga abin ya yi jinkiri, kada wani ya ce a kai ƙara Kaduna ko Abuja. Balle Kantabari, mazaunin babban akbishop na cocin Ingila, wadda ba ta da ikon ɗaga ko benci a cikin majami'ar Najeriya.

Shi kansa bishop ba jama'ar dayosis ke jefa masa ƙuri'a ba. Majalisar bishop-bishop ta ƙasa ce ke zaɓe. Ana iya ɗauko firist a keɓe shi, wanda sai bishop uku aƙalla sun ɗora masa hannu, ana kuma iya ɗauko wanda ya riga ya zama bishop a wani wuri. Josiah Idowu-Fearon daga Sakkwato aka kawo shi Kaduna, wanda ya gaje shi, Timothy Yahaya, daga Jalingo, Ndukuba kuma daga Gombe ya tafi Abuja. Ranar hawa kujera sabon bishop yakan tsaya a waje ya ƙwanƙwasa ƙofar babbar majami'a sau uku da sandarsa kafin a buɗe masa. Yana ajiye aiki in ya cika shekara 70.

Mama Ma'aji ta amsa:

Baba Katikis, a gafarce ni, akwai inda zan ɗan ƙara, don kun bi ta kan maganar kuɗi da sauri, alhali a nan ake karyewa. Gidan fasto sau ɗaya ake gina shi. Albashi kuwa kowane wata yake zuwa.

Ɗana, ranar da kuka zama farish kaya uku za su hau kanku. Na farko kula da fasto: albashi, kuɗin fansho, man babur, magani. Wasu dayosis suna tattara kuɗi a tsakiya su biya limamai daga ofis, wasu kuma farish ke biya kai tsaye, amma ko ta wace hanya daga aljihunku zai fito. Na biyu kason da ake yanka wa kowane farish ya kai wa dayosis duk shekara, wanda da shi ake tafiyar da ofishin bishop, a horar da ma'aikata, dayosis ma ya kai nasa kason sama. Na uku ƙananan kuɗaɗen da ba a lissafa su sai sun zo: na yankin akdikin, na wakilan sinod, na tarurrukan mata da matasa, da saukar bishop ranar tabbatarwa.

Ikilisiyar ƙauye kuɗinta na kaka ne. A godiyar kaka za ka ga buhunan masara da dawa da waken soya an jera gaban bagade, kowa ya ce ai mun isa. Ku jira watan Yuli da Agusta, lokacin da kuɗi ya tafi taki, rumbu ya yi ƙasa, ku ƙirga baikon Lahadi. Wannan shi ne ainihin ƙarfinku. Lissafin da ya kamata ku yi shi ne ku tara duk abin da ya shigo cikin shekara, baiko da zakka da godiya da kuɗin hatsi, ku raba gida 12, ku ga ko kashi ɗaya zai ɗauki nauyin wata ɗaya. Ku yi haka na shekara biyu ko uku, don shekara guda mai albarka tana ruɗi. Hatsin godiya kuma kada a sayar da shi duka a kaka lokacin da yake arha. A samu ɗaki mai kulle biyu, a ɗora buhuna kan katako, a sa magani, a rubuta adadi, a riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan. In aka bar shi a ɗakin mutum ɗaya, ko ƙwari su ci ko zargi ya ci mutumin.

Gwaji mai kyau shi ne ku fara ajiye kwatankwacin albashin fasto a banki kowane wata tun yanzu, kamar yana nan. In kun yi shekara ba ku tsallake wata ba, takardar banki kaɗai ta fi dogon bayani a gaban akdikin. In kun kasa, kun gane da wuri ba tare da an bar bawan Allah da yunwa ba.

Sai tsarin riƙon kuɗin. Farish yana yin babban taron shekara na 'yan ikilisiya, galibi farkon shekara. A nan ake karanta rahoton kuɗi bayan mai bincike ya duba, a zaɓi 'yan PCC. Wodin, wato 'yan ikilisiya masu kula da majami'a da kayanta, biyu ne: fasto ya naɗa ɗaya, jama'a su zaɓi ɗaya. Fasto ne shugaban PCC. Baiko mutum biyu ko uku ke ƙirgawa nan take bayan sujada, a rubuta, a sa hannu, ba a kai shi gida a ƙirga gobe. Asusun banki da sunan ikilisiya, ba da sunan mai bishara ko ma'aji ba, kuma sa hannun mutum ɗaya ba ya fitar da kuɗi. Yawancin rigimar da ke kai PCC gaban akdikin ba sata ba ce, rashin rubutu ne. An sayi siminti ba rasit, wanda ya saya ya manta, wanda bai gani ba ya yi zato.

Wani abin kuma, kada ku yi mamaki in uwar ikilisiya ta yi ta jan ƙafa. An yanka mata kaso ne da lissafin abin da tashoshinta ke kawowa. In kun fita, kuɗinku ya fita, kason kuwa ba lalle ya ragu nan da nan ba. Ku roƙi akdikin a zauna a sake raba kason tun kafin rabuwa, in akwai bashin baya a san na wa ne. In ba haka ba sai a sallame ku da fushi.

Ku kuma sa mata cikin shawarar tun farko. Zumuntar mata ce ke share ɗaki, ta dafa wa baƙi, kuma sau da yawa asusunta ya fi na maza tsari. A farish matar fasto ce ke jagorantar aikin mata, kamar yadda matar bishop ke shugabantar ƙungiyar iyaye mata ta Mothers' Union a dayosis duka. Wadda ta saba riƙe zumunta shekara da shekaru tana bukatar a shirya zuciyarta kafin baƙuwa ta zo ta zauna gaba.

Ɗan Tasha ya sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Mama, na gode ɗan'uwa. Abu biyu suka taso da na karanta wa kwamiti. Mai bisharar da ke wurin kowa na ƙaunarsa, shin ba za a iya keɓe shi ya zama faston wurin ba? Sa'an nan filin da aka yi ginin wani dattijo ne ya bayar da baki, ya rasu, babu takarda. 'Ya'yansa suna cikin ikilisiya kuma ba su taɓa cewa komai ba.

Magatakarda ya amsa:

Ɗan'uwa, ka bar maganar farish tukuna, ka kama ta fili yau ɗin nan. 'Ya'yan ba su ce komai ba, amma jikoki ba su ji da kunnensu ba, kuma ranar rabon gado ba a tambayar wanda ya yi shiru. Tun da magada suna raye kuma ana zaman lafiya, a rubuta takardar kyauta, dukansu su sa hannu, maza da mata, ba babban ɗa kaɗai ba. Mai unguwa da dagaci su shaida. A kira mai awo ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a haɗa har da inda za a yi gidan fasto. Bayan haka a nemi takardar mallaka ta hukuma.

Sunan da za a rubuta shi ne abin lura. Ba sunan mai bishara ba, ba na shugaban kwamiti ba, ba kuma "jama'ar ƙauye kaza" ba. Kadarar coci da sunan amintattun dayosis masu rajista ake riƙe ta. Dayosis yana da jami'an shari'a biyu, cansalo da rajistara, lauyoyi ne 'yan ikilisiya, cansalo ma sau da yawa alƙali ne ko babban lauya. Ku kai daftarin ta hannun fasto rajistara ya duba kafin kowa ya dangwala. Asalin takardar ofishin dayosis za ta zauna, ku riƙe kwafi. Wasu na ganin kamar an ƙwace musu fili ne. A'a, kariya ce: ranar da ɓangare ɗaya ya yi fushi ya ce zai koma wata ɗarika da ginin, wannan takarda ce za ta hana. Bishop ma ba ya son keɓe ginin da ke kan filin da ake shakka, ko wanda ake bin sa bashi.

Wani abin da sababbin farish ke mantawa shi ne aure. Samun fasto bai ba ku ikon ɗaura aure irin na doka ba. Ginin kansa sai yana da lasisin gwamnati na wurin ɗaura aure, da littafin shaidar aure na hukuma. Ma'aurata kuma su kai sanarwa wurin rajistar aure, ta yi kwana 21 a manne, su karɓo takarda, ban da shelar da ake yi a coci Lahadi uku. Kafin ku sami lasisi, a ci gaba da ɗaurawa a uwar ikilisiya.

Game da mai bishara, ƙofa a buɗe take amma doguwa ce. Fasto da PCC su ba da shaidarsa, ya je gaban kwamitin tantancewa na dayosis, a duba takardun makarantarsa da lafiyarsa da zaman gidansa. In an karɓe shi ya tafi horo, a wannan yanki kwalejin St Francis da ke Wusasa ce aka fi zuwa. Bayan ya gama ya ci jarrabawar limaman bishop, a yi shela a majami'arsa ko akwai mai wani dalilin hanawa, sa'an nan a keɓe shi dikon. Za ka gane dikon da gyalensa da ke ratayawa daga kafaɗar hagu zuwa kwiɓin dama. Yana wa'azi, yana baftisma, yana taimakawa wurin rarraba Jibi, amma ba ya tsarkake gurasa da ruwan inabi. Galibi sai ya yi kamar shekara kafin a mai da shi firist. Ke nan ko an turo muku dikon, za ku ci gaba da jiran firist don Jibi. Kuma babu alkawarin cewa naku zai dawo muku. Da zarar an keɓe shi ya zama na dayosis, inda bishop ya ga dama nan zai tafi, kuma ba a cika mai da mutum inda aka san shi tun yana ƙaramin ma'aikaci ba.

Ribar da ba a faɗa muku ba ita ce kujera a sinod. Sinod majalisar dokokin dayosis ce, mai ɓangare uku: bishop, limamai, da wakilan jama'a. Rayuwar kowace sinod shekara uku ce, tana zama sau ɗaya a shekara, shi ya sa kake jin ana cewa zama na biyu na sinod ta kaza. A nan ake jin jawabin bishop, a karɓi rahoton kowane yanki, a duba kuɗi, a zaɓi 'yan hukumar da ke riƙe aiki tsakanin zama da zama. Abin da aka zartar sai bishop ya amince yake zama doka, amma shi ma ba ya sauya kundin dayosis shi kaɗai. Ku zaɓi wakilin da ke iya karanta takardar kuɗi ya tashi ya yi tambaya, ba wanda ya fi kowa babbar riga ba.

Baba Katikis ya ƙara:

Mama ta yi daidai, na karɓi gyara. Abin da zan ƙara, ɗana, akwai matsakaiciyar hanya da akan bi. Kuna iya roƙon akdikin a turo muku mataimakin fasto ya zauna a wurinku, yana ƙarƙashin faston uwar ikilisiya, ku ɗauki masaukinsa da wani ɓangare na albashinsa. Kun sami Jibi da damina ke nan ba tare da cikakken kaso ya hau kanku ba, dayosis kuma ya ga yadda kuke riƙon ma'aikaci.

Kafin nan ku tara waɗanda aka yi wa baftisma amma ba a tabbatar da su ba, mai bishara ya fara musu aji. Ku ba fasto sunayen da wuri domin a sa su cikin jerin zagayen bishop na bana, tun da su ne adadin da akdikin zai fara tambaya in ya zo.